Yabon da ya ci min turmin atamfa

"Anti, ai ke kika ce na iya."

Har yau maganar nan ba ta bar kunnena ba. Yarinyar ba da rashin kunya ta faɗa ba, tana tsaye ne da almakashi a hannu, jikinta na rawa, atamfar mutane kuma tana kan tebur an yi mata gunduwa-gunduwa. Na buɗe baki zan yi faɗa na rasa ta inda zan fara, don gaskiya ta faɗa. Ni na ce ta iya.

Ɗinki nake yi a gida a nan Kano, da yara mata huɗu masu koyo. A da, ni mai zafi ce. Matar da ta koya min sana'a ba ta taɓa ce min sannu ba, in aiki ya yi kyau sai dai ta yi shiru, ni ma haka na taso ina yi wa nawa. Sai a farkon azumin 2024 na ji malami a rediyo yana karanto hadisin nan na Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa kalma mai daɗi sadaka ce. Na sha jin sa tun ina Islamiyya, amma ran nan ya shige ni, ƙila don a satin wata yarinya ta daina zuwa saboda tsawata. Na ɗauki niyya. "Sannunku da ƙoƙari." "Allah ya yi albarka." "Tubarkalla, wannan kalmasar ta miƙe." Ɗaki ya sauya, yaran da ke zuwa ƙarfe sha ɗaya suka koma zuwa ƙarfe tara, ana aiki ana raha duk da ƙishin azumi da zafin watan Maris. Wannan duk ya tafi daidai, ba shi ne labarin ba.

Ƙaramar cikinsu wata bakwai ke nan da zuwanta. Tana taka keke da kyau, amma yanka ba ta wuce takardar siminti da ƙyallaye ba. Wata safiya ta shigo idonta a kumbure, na san an yi wani abu a gida, ban tambaya ba. Can da azahar ta kawo min 'yar rigar da ta yanka da ragowar yadi, tana leƙen fuskata. Na karɓa, kuma wallahi na ga komai. Ta yanka daidai kan awo ba ta bar rarar da ɗinki zai ci ba, sannan zanen furen ya kifa, kansa na kallon ƙasa. Na gani da idona. Amma na dubi idon nan nata na ce a raina yau ba ranar gyara ba ce, bari in faranta mata. Sai na ce, "Kai, 'yar nan kin zama gwana! Ai yanka kin gama iya shi, saura ki karɓe ni." A gaban sauran na faɗa, har suka yi mata tafi.

Bayan kwana biyu na tafi Kantin Kwari sayen shafi da zif da zare. Saura kwana tara Sallah, kaya sun taru har kan gado. Ita kuma don ta rage min aiki, ta ɗauko atamfar wata Hajiya, Holan ce, turmi guda yadi shida, ta buɗe littafin awo ta zana da alli ta sa almakashi. Kuskuren nan biyu da na gani na haɗiye, su ta maimaita babu ragi. Sauran yaran suna kallo ba wadda ta hana ta. Don me za su hana? A gabansu na ba ta shaida.

Duk wadda ta san ɗinki ta san rigar da ta yi yawa ana rage ta, wadda ta matse ba ta da magani. Fure kuma in ya kifa ya kifa. Kwana biyu na yi ina zaga Kwari da bakin azumi, layi-layi, da ƙyalle a hannu ina neman irinta. Na samu zanen, kalar ta ɗan fi duhu. Kuɗin da na biya ya cinye ladan ɗinkin kaya kusan goma sha biyu, wato ribar rabin azumina. Daga can na wuce gidan Hajiya na faɗa mata komai. Ta juya sabuwar a hannu ta ce, "Ba komai 'yata, tunda kika zo da ƙafarki kika faɗa, Allah ya kiyaye gaba." Na ji sanyi har raina, na kuma gama mata kafin Larabar Sallah, 10 ga Afrilu. Sai dai kayan Babbar Sallah ba ni ta kawo wa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne yarinyar. Sati uku ba ta taɓa almakashi ba. In na ce aikinta ya yi kyau sai ta sunkuyar da kai, ta daina yarda da bakina. Na so in ɗaga ta sama, na je na kayar da ita, na kuma zubar da darajar duk wani "sannu" na gaskiya da na taɓa yi mata. Bahaushe ya raba magana mai daɗi da daɗin baki, ni ce na haɗa su a ƙwarya ɗaya.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji masu cewa kawai ka yabi mutum, ba ka asarar komai. Su zo in nuna musu rasit. Ran nan akwai abin yabo na gaskiya a rigar: ɗinkin gefen ya tafi sambal, wuyan ya zauna. Da shi na kama na yaba, na bar maganar yanka zuwa washegari in kira ta gefe, da ta koma gida da farin cikinta, Hajiya kuma da atamfarta. Minti biyu gyaran zai ɗauka. Minti biyu!

Ban koma tsawa ba, kada wata ta ce abin da nake nufi ke nan. Ina yabo fiye da da ma, amma sai na ɗora yatsa a kan abin: wannan hannun, wannan zif ɗin. "Kin iya" kuwa, ba ta fita bakina sai in har zan iya miƙa wa mutum kayan Hajiya in tafi kasuwa. Gyara kuma ba na yin sa a gaban 'yan'uwanta, kuma ba na barin sa ya kwana biyu.

Na ba ta haƙuri daga baya, abin da uwar ɗakina ba ta taɓa yi min ba. Na ce, "Laifina ne, na ga kuskuren na yi shiru." Ta yi kuka, ni ma saura kaɗan. Atamfar da ta lalace ita na ba wa, ta ɗinka wa ƙanwarta riga da siket, furen na kallon ƙasa. Yanzu ita ke yanka rabin kayan da ke shigowa, kuma har yau in ta gama zane da alli sai ta kira ni in duba kafin ta ɗauki almakashi.