Abin da aikin ba ɗalibai shawara ya koya mini

Ɗalibi ba ya shigowa ofishina ya ce yana cikin damuwa. Cewa zai yi, "Malama, kullum kaina ciwo yake," ko "barci ya ƙaurace mini," ko "ina karatu amma ba ya zama." Galibi ya riga ya sha maganin maleriya da na taifot daga kemis, an yi gwaji ba a ga komai ba. Aikin nan da nake yi a wata babbar makaranta a Kano ya koya mini in fara daga abin da ya kawo. Mu yi maganar ciwon kan, in tambayi barci da cin abinci. Can sai zancen kwas ɗin da ya faɗi bai gaya wa Baba ba, ko auren da ake matsa wa yarinya ta yi, ya fito da kansa.

Amma ba zai fito ba sai an amince da bakinki. Kano da girmanta, da wuya ki zauna da mutum ba ku haɗa dangi ko unguwa ba. Ɗalibar da ke gabana tana lissafin ko na san gwaggonta a Gwammaja, ko ina shan shayi da shugaban sashensu. Shi ya sa tun kafin ta buɗe baki nake gaya mata: "'Yata, abin da kika faɗa a nan zai tsaya, sai fa idan na ga ranki ko ran wani yana cikin haɗari. Ko a nan ma, ke zan fara sanarwa kafin in kira kowa." Na lura faɗin wannan iyaka tun farko yana ƙara musu yarda. Hatta wurin da ofis yake yana da tasiri. Idan ƙofarsa na kallon dandalin da ɗalibai ke taruwa, mai buƙata zai wuce kamar bai gani ba.

Tsoron nasu yana da tushe. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda tsare mara lafiya ta fi mayar da hankali a kai. Ga kuma tsangwama: ambaci asibitin masu tabin ƙwaƙwalwa na Dawanau a gaban uwa ki ga yadda fuskarta za ta canza, don tana tunanin wa zai auri 'yarta idan labari ya bazu.

Iyaye da yawa da bayanin aljanu ko sammu suke zuwa, an riga an kai yaro ruƙiyya. Ba na jayayya da su. Nakan ce, "Hajiya, a ci gaba da addu'a, amma mu je likita ya duba shi, ai neman magani ma addini ne." Wanda kawai nake ja da shi shi ne mai cewa yaro raunin imani ke damunsa. Na ga masu tsayuwar dare da baƙin ciki ya hana su fita daga ɗaki.

Ni ba likita ba ce. Idan ƙunci ya wuce mako 2 ba sassauci, ko ɗalibi yana jin muryoyi, ko yana zancen ya gaji da rayuwa, sashen masu tabin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano nake tura shi, tare da wani nasa. Irin waɗannan cututtuka a shekarun samartaka suka fi fara bayyana, daidai lokacin da yaro yake jami'a. Mai shan tiramadol ko kodin ma can nake tura shi. Hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018 bai raba shi da hannun matasa ba.

Wata damuwar kuma ba ta ƙwaƙwalwa ba ce tun asali. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗaliban jami'a sun koma aji da guiwa a sace, sa'o'insu sun yi gaba. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai zuwa daga Hotoro ko Kurna ya koma zaɓi tsakanin kuɗin adaidaita sahu da na abincin rana. Irin wannan, bayan na saurare shi, nakan zauna da shi mu cike takardar neman lamunin karatu na asusun gwamnatin tarayya, wato NELFUND, in kuma rubuta wa sashensu a ɗaga masa ƙafa kan rijista, da izininsa.