Daga Madrid zuwa Imlil a motar haya

Kwana goma sha ɗaya na yi tsakanin Sifaniya da Maroko, kuma tun kafin in tashi na yi alwashin ba zan shiga motar kowa ba sai abin hawan da kowa ke hawa, jirgin ƙasa ne, bas ne, tasi ne, duk wanda ya samu. Sau ɗaya tak alwashin nan ya karye, kuma wallahi da wani ya ce min a Turai zai karye da na ce ƙarya yake.

A Madrid na fara, wurin wani abokina da ke karatu can. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na garin tun 1919 yake aiki, yanzu layukansa sun kusa kilomita 300, har filin jirgin sama yana zuwa. Ranar farko muna sauka matattakala na hango jirgi zai rufe ƙofa sai na zabura zan ruga, abokina ya riƙo min jaka ya ce "mutumina ina za ka? Bar shi ya tafi." Kafin in gama jin haushinsa sai ga wani ya iso. A kwana ukun da na yi a garin ban ga mutum ɗaya yana tambayar ƙarfe nawa jirgi zai zo ba, sauka kawai ake yi a tsaya.

Daga tashar Atocha muka hau AVE, jirginsu mai gudun tsiya, zuwa Sebiya, garin da littattafan tarihin Andalus ke kira Ishbiliya. Sai an saka jakarka a na'ura kafin ka shiga kamar mai hawa jirgin sama. Layin nan shi ne na farko irinsa a ƙasar, an buɗe shi 1992 saboda babban baje kolin duniya da aka yi a Sebiya, kilomita 471 ne amma awa biyu da rabi da ɗan wani abu muka yi, har da tsayawa a Ƙurɗuba. Yau a duk Turai ba ƙasar da ta kai Sifaniya tsawon irin wannan layi, a duniya ma Sin ce kaɗai a gabanta. Ina zaune gefen taga ina kallon gonakin zaitun ba iyaka, can ka hango ƙauye a kan tudu da hasumiyar cocinsa, kafin ka nuna wa na kusa da kai ya ɓace. Na ce wa abokina to su waɗannan ya suke yi? Ya yi dariya ya ce su ma kallonmu suke yi. Ya ce in duba taswira, kusan duk layukan daga Madrid suke fita kamar yatsun hannu, wanda ya faɗa tsakanin yatsu shi ke nan an wuce shi. Ya ba ni labarin lardin Teruwel, inda mutane ba su kai goma a kowace murabba'in kilomita ba, babban birninsu ba shi da jirgi kai tsaye zuwa Madrid, abin ya ishe su har suka kafa ƙungiya a 1999 da sunan da ma'anarsa wai "Teruwel na nan", kuma a 2019 suka ci kujera a majalisar ƙasa. Na ɗauka labarin 'yan siyasa ne, ashe ni ma zan ɗanɗana.

Karambanina ne ya jawo. Na ce sai mun ga ɗaya daga cikin fararen ƙauyukan nan na duwatsun kudu kafin mu gangara teku. Ranar Juma'a muka shiga bas daga wani gari matsakaici, bas sabuwa fil, da sanyin AC, kujeru kusan hamsin, fasinja mu huɗu har da mu biyu, hanya kuwa sumul ba rami ko ɗaya duk da kwane-kwanen dutse. Washegari Asabar muka yi yawonmu muka ƙoshi, da la'asar muka ɗauko jakunkuna muka zo ƙarƙashin 'yar rumfar jiran bas muka zauna kamar mutanen kirki. Minti ashirin shiru, minti arba'in shiru. Wani dattijo da ke zaune kan benci can gefe da sandarsa yana ta kallonmu, da ya ga ba mu da niyyar ganewa sai ya kira abokina ya faɗa masa kalma ɗaya, Litinin. Ashe jadawalin da muka karanta na ranakun aiki ne, ta Asabar guda ɗaya ce kuma tun da safe ta wuce, Lahadi kuwa babu sam.

Abokina ya ce masa "Baba, to ku in ta kama ya kuke yi?" Ya ce mai mota yana da mota, wanda ba shi da ita yana da ɗa ko maƙwabci, wanda ba shi da ko ɗaya sai ya tsara ciwonsa ya dace da bas. Ya lissafa mana lokutan zuwanta da tafiyarta na duk mako da ka, ko takardar bai kalla ba. Ya ce da can ta fi haka zuwa, matasa suka yi ta komawa birni sai aka rage, da aka rage sai waɗanda suka saura ma suka ga zama ba zai yiwu ba, aka ƙara ragewa. Ba faɗa yake ba, faɗi kawai yake yi kamar mai ba da labarin damina. Ƙarshe dai wata mata da ta zo duba mahaifiyarta ce ta rage mana hanya zuwa babban gari, nan alwashina ya tafi.

Tarifa, garin bakin teku da ke ƙarshen kudancin Sifaniya, ba ta da jirgin ƙasa, a bas muka isa. Nan na rabu da abokina na hau jirgin ruwa, kusan awa ɗaya zuwa Tanja ta Maroko, a cikin jirgin ma ake buga fasfo. Mashigin nan inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, kana Turai kana hango duwatsun Afirka.

Ni dai na riga na shirya raina cewa daga nan jin daɗi ya ƙare, sai na shiga tashar jirgin ƙasa ta Tanja na ji kunyar kaina. Al Boraq suka sa wa jirgin, sunan Buraƙa ke nan, an ƙaddamar da shi Nuwamba 2018, shi ne jirgi mai gudu na farko a Afirka. Hawa biyu ne, tsakanin Tanja da Kenitara yana taɓa kilomita 320 a awa, daga nan sai ya hau tsohon layi ya rage gudu zuwa Rabat da Kasabalanka, tafiyar da a da take cin kusan awa biyar yanzu awa biyu da minti goma ce. In aka rufe maka ido aka saka ka ciki ba za ka ce ba AVE ba ne. Kasabalanka kuma tana da tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, tun 2012, yana ratsa cunkoso abinsa a kan layinsa, ga ƙananan tasi jajaye masu ɗaukar mutum uku, kana ciki direba zai tsaya ya ƙara wani in hanyarku ɗaya ce, kuma ba su da izinin fita wajen gari.

Daga Kasabalanka jirgi na yau da kullum ya kai ni Marakesh a kusan awa uku, kuma nan dogo ya ƙare, kudu da nan ba layi. Ana aikin kawo mai gudun har Marakesh kafin gasar cin kofin duniya ta 2030, amma ni inda na nufa ba jirgin da zai taɓa zuwa, Imlil, ƙauyen da masu hawan dutsen Tubƙal ke tasowa daga shi, dutse mai tsawon mita 4,167. Kilomita sittin da wani abu ne daga Marakesh. Na tambayi ƙarfe nawa mota ke tashi aka kalle ni kamar na yi wauta, wai in ta cika. Manyan tasi ne masu ɗaukar fasinja shida, a da tsofaffin Marsandi ne biyu gaba huɗu baya, yanzu yawanci an canza su da Dacia masu kujeru jere uku saboda gwamnati ta tallafa wa direbobi su sauya. Na zauna na gyara zaman jiran awa biyu, minti goma sha biyar ba a yi ba muka zama biyar, wani mai sauri ya biya kuɗin kujerar da ta rage muka kama hanya. A Asni, wani gari a kan hanyar, na sauka na shiga wata, ita ma ban daɗe ba.

To a nan ne kaina ya ɗaure. Ƙauyen can na Sifaniya yana da bas ta alfarma da jadawali a manne, amma ka makara da minti biyar ranar Asabar sai jibi. Nan ba jadawali ba rumfa ba AC, amma muddin rana ba ta faɗi ba za ka samu abin hawa, saboda yawancin mutane ba su da motar kansu, kowa fasinja ne, motar kuma ƙarama ce ba ta wuyar cika. Kar dai a ce ina yabon wahala. Kilomita 17 ɗin nan na Asni zuwa Imlil hanya ce siririya, dutse a gefe kwari a gefe, direbanmu yana shan kwana yana amsa waya ni kuma ina ta salati a zuci, kuma yankin ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta daka, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, a lokacin duwatsu suka rufto suka toshe hanyoyi, ƙauyuka da dama sai da ƙyar agaji ya isa gare su. Mai keken guragu ko mace mai naƙuda da tsakar dare ba abin da tsarin "in ta cika" zai yi musu. Amma in aka ce in zaɓi inda zan tsufa ba mota a cikin biyun nan, gaskiya sai na yi dogon tunani.

A Imlil direba ya sauke min jaka na nuna masa sunan masaukina a waya, ya ɗaga hannu ya nuna min wasu gidaje can sama manne da dutse. Na ce wace mota ke zuwa can? Ya ƙwala wa wani yaro kira, yaron ya taho yana jan alfadari, ya ɗora jakata ya ɗaure, ya tambaye ni da hannu ko zan hau. Na ƙare wa hanyar kallo, na ƙare wa alfadarin kallo, na ce a'a ya yi gaba da jakar ni zan biyo su a ƙafa.