Tambayar da ta raba su

A makon jiya na zauna cikin kwamitin mutum uku a wata ma'aikata a nan Damagaram, muna tantance masu neman aikin kula da sito. Takardun shaidarsu duk sun yi kama da juna, saboda haka na riƙe tambaya guda: wane kuskure ka taɓa yi a bakin aiki, kuma me ya biyo baya?

Yawancinsu sun amsa da Faransanci mai santsi cewa aibinsu shi ne son aiki fiye da kima. Amsa ce ta hadda, kuma ba ta gaya mini komai game da mai ita ba.

Sai wata yarinya daga unguwar Birni ta shigo, kanta a sunkuye. Da na ga harshe yana yi mata nauyi, sai na juya zancen zuwa Hausa. Ta ce: "Ranka ya daɗe, na taɓa rubuta buhu arba'in na hatsi a rajista ban ƙirga da idona ba, ashe talatin da takwas ne, kuma ni na kai kaina wurin shugabana kafin a gano." Ta ƙara da cewa tun ranar ba ta sa hannu sai mota ta gama saukewa.

Abokin zamana ya rage mata maki saboda ba ta kalle mu ba. Na yi masa gardama, domin a gidajenmu haka aka tarbiyyantar da yaro a gaban manya, kuma wadda ta tona kuskurenta da bakinta ba ta ɓoye mana komai ba. Mun kai la'asar muna jayayya kafin ya mayar mata da makinta.