Biyolar ɗiyata

Wata uku ɗiyata tana fama da biyola (wani irin goge na Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa) mai inci 16 da na sa aka kawo mata Sakkwato daga Legas. Kullum kukan ciwon wuyan hannu, ɗan ƙaramin yatsanta ba ya kaiwa inda ake so. Ni kuwa na ɗauka lalaci ne. Har yanzu abin yana damuna.

Malaminta ya ɗora mata ita a kafaɗa, ya ce, "Alhaji, duba." Ta miƙe hannu, tafinta bai rufe ƙarshen wuyan biyolar ba. Ya kamata ya rufe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe.

Muka koma mai inci 14. Gaskiya tsirkiyar C, wato wadda ta fi sauran kauri, ba ta da kaurin murya irin na babbar. Amma jiya bayan la'asar rabin awa ta yi tana gogawa, ba ta ajiye ba.