Koyarwa a ƙasar waje: takardu, kwantiragi da ajin da babu bulala

Duk ɗakin malaman da ka leƙa a Abuja yanzu, daga makarantun kuɗi na Gwarimpa zuwa na gwamnati a Kubwa da Nyanya, ba ka rasa matashin da ke latsa waya yana neman aikin koyarwa a waje. Tambayar da ake fara yi ita ce nawa ake biya. A ganina an yi riga malam masallaci. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, wace ƙasa ce dokarta ta yarda a ɗauki mai fasfon Najeriya, kuma a wane darasi.

Yawancin bayanan da ke yawo a intanet an rubuta su ne don samarin Amurka da Ingila, masu gama digiri su yi kwas ɗin TEFL (horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) na awa 120 su wuce Asiya koyar da Turanci. Mu ba wannan ƙofar aka buɗe mana ba. Bizar E-2 ta malaman Turanci a Koriya ta Kudu an gina ta ne kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, komai zaƙin Turancinka. Tailan da Biyetnam suna ɗaukar wasunmu, amma sai an nuna sakamakon jarrabawar Turanci irin su TOEIC ko IELTS, kuma sau da yawa albashin bai kai na Baturen da ke ajin kusa da kai ba. Ƙasar Sin kuwa tun 2021 ta murƙushe cibiyoyin darasin bayan makaranta, inda a da can ne baƙin malamai suka fi samun aiki.

Abin da ke da kasuwa a hannun ɗan Najeriya shi ne lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Tun Fabrairun 2023 Ingila ta ba malaman Najeriya damar neman shaidar ƙwarewa ta QTS daga gida, amma ga masu koyar da lissafi, kimiyya ko harsuna ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16, masu digiri da horon koyarwa da aƙalla shekara guda a aji. A nan ake yawan ruɗewa: QTS ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Bayan ka same ta sai ka nemi makarantar da ke da lasisin ɗaukar baƙi, ta yi maka intabiyu, ta ba ka lambar ɗaukar nauyi, sannan ka nemi biza. Ana iya riƙe QTS shekara guda ana zaune a Lugbe.

Akwai wasu ƙofofi biyu da ba a cika maganarsu ba. Ɗaya ita ce shirin TAC na gwamnatin tarayya, wato shirin tura ƙwararru su taimaka wa wasu ƙasashe, wanda aka kafa a 1987 zamanin Janar Ibrahim Babangida, ofishinsa nan Abuja. Yana tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu, irin su Gambiya da Yuganda da Saliyo. Najeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da aka je ta ba da masauki. Ya fi karkata ga waɗanda suka ɗan daɗe a aiki. Ta biyun ita ce Fulbright FLTA ta hannun ofishin jakadancin Amurka, wadda ke kai matasan malamai jami'o'in can su koyar da harshensu, Hausa na daga ciki. Shekarar karatu ɗaya ce, aiki har awa 20 a mako, kana kuma ɗaukar kwas biyu kowane zango. Ba a tafiya da iyali, kuma idan an gama dawowa ake yi. Dokokin bizar Amurka kan 'yan Najeriya sun tsananta daga 2025, don haka a duba halin da ake ciki kafin a fara ɗora buri a kai.

Sai takardu, inda rabin masu niyya ke maƙalewa

Fara da sunanka. Shimfiɗa fasfo, katin NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar digiri da ta NYSC a kan tabarma ɗaya, ka bi su harafi da harafi. Bahaushe na da wannan larura: nan Muhammad, can Mohammed, wani wurin Muh'd, a takarda ɗaya sunan gari ne a ƙarshe, a wata sunan mahaifi. Mu mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikaciyar da ke tantancewa a can ba ta sani ba, kuma ba za ta kira ka ta tambaya ba, fayil ɗin kawai za ta ajiye gefe. Maganinsa takardar rantsuwa daga babbar kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida. Haka ma ranar haihuwa. Ga Malama da ta sauya suna bayan aure, takardar aure ta shiga cikin tarin.

Takardar sakamako ta wucin gadi ba ta aiki, ainihin satifiket ake so. NCE kaɗai ba ta isa a yawancin wurare. Wanda digirinsa ba na ilimi ba ne sai ya haɗa da PGDE, wato difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri. Tiranskirif kuwa, wato takardar makin kwasa-kwasanka, a nema tun kafin a fara neman aikin, domin jami'o'inmu na iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma wasu masu tantancewa ba sa karɓa daga hannunka, sai jami'ar ta aika musu kai tsaye. TRCN, hukumar rajistar malamai, ita ke ba da wasiƙar da ke shaida cewa kai malami ne mai rajista da ba a taɓa kama shi da laifin aiki ba. Wanda bai yi rajista ba, ko ya bar kuɗin lasisi suka taru, daga nan zai fara.

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague, wadda a ƙarƙashinta hatimi guda ya isa a karɓi takarda a wata ƙasa, shi ya sa tantance satifiket don ƙasashen Larabawa da Asiya hawa uku ne, kuma a jere: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Sakatariya, sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Gidan Tafawa Balewa, sai ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Ka tsallake ɗaya, na gaba zai maido ka. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya, ka riƙe rasit. Mutanen Abuja sun yi sa'a a nan. Wanda zai taso daga Jos ta Akwanga kada ya yi lissafin kwana ɗaya.

Wasu takardun suna da wa'adi, su ake barin su ƙarshe. Takardar 'yan sanda mai shaida ba ka da tarihin laifi, ƙasashe da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce 'yan watanni. Gwajin tarin fuka na bizar Ingila wata shida yake yi, kuma sai a asibitin da suka amince da shi. Mai gaggawa ya kan yi su tun farko, su lalace kafin aikin ya fito, ya sake biya. Katin rigakafin shawara shi ne mai sauƙi, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Dillalai: wanda ya ce ka kawo miliyan kaza ya samo maka aiki, ka tambaye shi sunan makarantar. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin masu lasisin ɗaukar baƙi, kowa na iya dubawa, kuma a dokarsu haramun ne kamfanin samar da aiki ya caji mai neman aikin. Makarantar gaske tana yin intabiyu ta bidiyo, ta sa ka koyar da ɗan darasi, ta tuntuɓi shugaban makarantarka na yanzu. Mafi haɗari shi ne "shigo da bizar ziyara, za mu gyara daga baya". Idan jami'an shige da fice suka zo, kai ake kamawa, mai makaranta yana ofishinsa. Daga ranar da ka fara aiki ba bisa ƙa'ida ba, ko albashinka aka hana ba ka da bakin ƙara.

Karanta kwantiragi da biro a hannu

A Daular Larabawa ba a cire harajin albashi, wannan gaskiya ne, amma dubi yadda aka yanka albashin. A ce an rubuta dirhami 10,000 a wata: 6,000 ainihin albashi, 4,000 alawus na gida da mota. Kuɗin sallama da doka ta tanada, na kwana 21 kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, daga ainihin albashi ake lissafa shi. Kenan 4,200 ne a shekara, ba 7,000 ba. Sai tambayoyin da ake jin nauyin yi: gidan ni kaɗai ne ko mu uku? Wa ke biyan wuta da ruwa? Tikitin jirgi duk shekara ne ko sai ƙarshen kwantiragi? Ana biyan hutun bazara? Idan na ajiye aiki kafin wa'adi, me zan mayar? Duk amsar da aka ba ka a waya, ka ce a sa a rubuce. Kuma fasfonka kada ya kwana a durowar kowa, ko a can ɗin riƙe shi saɓa doka ne.

Ingila lissafinta akasin haka. Adadin da ke cikin talla ba shi ne zai shigo asusunka ba. Bayan fam 12,570 na farko a shekara, ana cire kashi 20 cikin ɗari haraji, ga inshorar ƙasa, ga fansho, ga harajin ƙaramar hukuma kan gidan da kake haya. Kafin ka tashi ma akwai kuɗin biza da na lafiya, fam 1,035 kan kowace shekarar bizar, ana biya dunƙule. Mai gida zai karɓi ajiya har ta kuɗin haya na mako biyar, ban da hayar watan farko, alhali albashi sai ƙarshen wata. Masu mayar da fam zuwa naira a ka suna murmushi, a watan farkon nan idonsu ke raina fata. Ka riƙe guzurin da zai kai ka wata biyu, ka kuma gaya wa 'yan gida tun yanzu cewa aike ba zai fara da wuri ba. Ba da sanarwar ajiye aiki ma da ranakunsa na ƙarshe: 31 ga Oktoba, ƙarshen Fabrairu da 31 ga Mayu.

Cikin aji

Nan ne horonmu ke cin karo da nasu. An hana dukan yara a makarantun gwamnatin Ingila tun 1987. Ba bulala kaɗai ba, jan kunne, kamun kunne, durƙuso, ko riƙe hannun yaro ka fizgo shi, kowanne na iya raba ka da aikin da bizar gaba ɗaya. Ɗan shekara goma sha uku zai kalle ka tsakiyar ido ya ce bai gane ba, ka sake bayani. Jikinka zai ce raini ne, a wurinsu kuwa yaron kirki kenan. Makaminka shi ne tsarin ladabtarwar makarantar: gargaɗi, rubuta suna a na'ura, tsarewa bayan tashi, kiran iyaye. Ka haddace shi a makon farko ka bi shi ba sani ba sabo, domin yara suna gwada sabon malami a ko'ina, Landan ko Mararaba. Ka zana taswirar wurin zama, ka riƙe sunaye cikin mako biyu, ka rage saurin magana. Za su kwaikwayi lafazinka, wannan ba makawa, kuma idan ba ka nuna ya dame ka ba sukan gaji.

Dokokin kare yara sun fi komai muhimmanci. Kada ka keɓe da ɗalibi a ɗaki a rufe, kada ka ba shi lambarka, kada ka karɓi abotarsa a Facebook, kada ka rage masa hanya a mota. Abin da mu muke ɗauka kirki ne, can abin bincike ne. Idan yaro ya gaya maka ana cutar da shi a gida, ba a yi masa alƙawarin rufin asiri, ba a kuma zuwa yin sulhu da iyaye. Rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ka kai wa jami'in da makaranta ta ware a ranar. A Tailan kuma ko shafa kan yaro don lallashi abin ƙi ne.

Mai zuwa koyar da Hausa shi ma kada ya saki jiki don harshen uwa ne. Ɗaliba za ta ɗaga hannu ta ce me ya sa ake cewa "sun zo" amma "jiya suka zo", kuma "haka ake faɗa" ba amsa ba ce. Wani zai tambayi yadda zai bambanta garin Kano da garin tuwo tunda rubutunsu ɗaya, sai ka nuna masa tsawon wasali. Bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, zai ci muku mako guda. Ka koma kan giredin aikatau bakwai na Parsons, masanin nahawun Hausa, da karin sauti, da hanyoyin jam'i, kafin ka shiga jirgi.

Salla tana son shiri. A Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, wato azahar da la'asar da magariba duk suna matsowa cikin lokacin aiki ko bakin tashi. A Yuni kuma yini ya haura awa 16. Maganar Juma'a da ɗan wurin yin salla, a yi ta da mai tsara jadawali kafin zango ya fara. Bayan an manna jadawalin, canza shi sai da wahala. Sanyin kuwa ko ɗan Jos sai ya sara masa. Kada ka cika jaka da rigunan sanyin gwanjo, kwat ɗaya mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga, a can ake saya.

Idan ma'aikacin gwamnati ne, ka nemi hutun barin aiki a rubuce ka jira amsa, kada ka ɓace kawai. Ka karɓi wasiƙar shaida daga kowace makarantar da ka koyar, a kan takarda mai tambari, da ranar farawa da ranar bari da darasi da aji. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a imel, na asali kuma su zauna a jakar hannu, ba cikin akwatin da ake aunawa ba. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji sukan wuce, ka dai bayyana su idan an tambaya. Kilishi da dambun nama da man shanu, dokar Ingila ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shiga da su ba, a filin jirgi za a karɓe. Idan Hajiya ta dage sai ta yi maka, ku cinye a mota kafin a isa filin Nnamdi Azikiwe.