Tukunya da sikeli: kayan da na dogara da su wajen dafa jam a gida

A tsakar gidanmu akwai bishiyar mangwaro guda ɗaya, kuma daga watan Afrilu zuwa farkon damina takan zubar da 'ya'yan da suka fi ƙarfin mutanen gida da maƙwabta da almajiran da ke shigowa neman sadaka. Ganin yadda ake share ruɓaɓɓen mangwaro kowace safiya ana kaiwa bola shi ne ya sa na fara koyon dafa jam, wato 'ya'yan itace da ake dafawa da sukari da ɗan tsami har su yi kauri, a ɗura a kwalba a riƙa shafa wa burodi. Lokacin da na fara, na ɗauka sai na tara kayan aiki masu yawa irin waɗanda ake nunawa a intanet. Bayan kakar mangwaro da yawa, da tukwane biyu da na lalata, na gane cewa abu biyu ne kawai suka cancanci mutum ya kashe musu kuɗi, tukunya da sikeli. Sauran kayan galibi suna nan a madafin kowace mace, sai dai a keɓe su ga wannan aikin.

Tukunyar farko da na yi amfani da ita ta shinkafa ce, doguwa mai siririn gindi, kuma ita ta koya mini darasin da ya fi kowane tsada. Dafa jam aikin ƙone ruwa ne. Ana so ruwan da ke cikin 'ya'yan itacen ya fice da sauri, har sukari ya kai kusan kashi 65 cikin ɗari na abin da ya rage, domin a wannan matakin ne jam yake kamawa, kuma ƙwayoyin da ke ɓata abinci ba sa samun ruwan da za su rayu a ciki. Doguwar tukunya mai ƙaramin baki tana riƙe tururi, sai dahuwar ta ja lokaci, kuma gwargwadon daɗewar sukari a kan wuta gwargwadon yadda launinsa yake duhu. Nawa ya kai kusan sa'a biyu a kan wuta, ya tashi daga ruwan ɗorawa mai haske ya koma launin ƙasa, gindinsa kuma ya kama. Ƙauri ya ratsa shi duka, ta yadda ko wanda na kwashe daga sama ɗanɗanon ƙonanniyar alewa yake yi. Goggona da ta zo ta tarar da ni ina kankare gindin tukunyar da cokali ta ce, "Ke 'yar nan, ai ko alewar madara ba a yinta a tukunya irin wannan." Na ce, "Goggo, ai a littafi ban ga an ambaci tukunya ba." Ta yi dariya ta wuce.

Tukunyar da ta dace ita ce mai faɗin baki, marar zurfi sosai, mai kaurin gindi. Faɗin yana ba tururi hanyar fita, kaurin kuma yana rarraba zafi ko'ina maimakon ya taru a daidai inda harshen wuta yake dukan ƙarfe. Tawa faɗinta ya kai santimita 30, tana cin kusan lita takwas, amma ba na zuba mata fiye da kilo ɗaya da rabi na 'ya'yan itace a dahuwa ɗaya. Dalili shi ne idan jam ya ɗauki tafasa yakan kumbura ya ninka kansa, don haka tukunyar da aka cika fiye da rabi sai ta yi ambaliya a kan murhu, kuma wanda ya taɓa kankare busasshen sukari daga kan gas ba zai so ya maimaita ba. Idan 'ya'yan itacen suna da yawa, gara a raba su kashi biyu ko uku. Ƙaramar dahuwa takan kama cikin minti ashirin zuwa talatin, launinta ya fito fes.

Irin ƙarfen da aka yi tukunyar da shi ma abin dubawa ne, saboda jam abinci ne mai tsami. Tukunyar silba, wato irin da ake kira stainless steel, wadda ba ta tsatsa, ita ce zaɓina, domin tsami ba ya cinta kuma ba ta sauya wa abinci ɗanɗano. Sai dai silba iri-iri ce, kuma mai arha a kasuwa yawanci shafal take kamar gwangwani. Idan na je saye nakan ɗaga ta in ji nauyinta, in juya gindinta in duba ko an yi masa ƙarin faifai, in ƙwanƙwasa da yatsa. Mai kauri sautinta a dushe yake, siririya kuwa ƙara take yi kamar faranti. Tukunyar samira ma tana aiki matuƙar fentinta na ciki bai ɓare ba, amma da zarar ya ɓare ƙarfen da ke ƙasa zai haɗu da tsamin, kuma tana saurin kamu idan wuta ta yi yawa. Wadda nake kauce wa gaba ɗaya ita ce tukunyar dalma da maƙera suke zubawa. Tana da kauri, tana da ƙarko, ba ta da na biyu wajen tuwon taro, amma tsami yana cin sanholon da ake yinta da shi, ya dusashe launin jam ya bar masa ɗanɗanon ƙarfe. Ƙari a kan haka, da tarkacen ƙarafa da aka narka ake yinta, kuma mai saye ba shi da hanyar tantance abin da aka narka a ciki, alhali abinci mai tsami shi ya fi jawo irin waɗannan abubuwa daga jikin tukunya. A Faransa an san masu dafa jam da faffaɗar tukunyar jan ƙarfe saboda saurin ɗaukar zafinta, amma tsadarta ta wuce buƙatar wanda yake yi don gidansa, kuma ba a barin 'ya'yan itace su zauna a cikinta ba tare da sukari ba.

Abu na biyu shi ne sikeli. Mun saba da awon mudu da gwangwani da kofi, kuma a yawancin girkinmu wannan ya wadatar, domin hannu da ido suna gyara abin da awo ya rage. Jam ba ya karɓar wannan. Kofi ɗaya na yankakken mangwaro yau ba daidai yake da na gobe ba, ya danganta da girman yankan da kuma yadda aka danna shi. Ni nakan auna tsokar 'ya'yan itacen bayan an fere an cire ƙwallo, in sa sukari giram 750 zuwa kilo ɗaya ga kowane kilo guda, tare da ruwan lemon tsami ƙanana uku ko huɗu. Idan sukari ya yi kaɗan jam ɗin zai yi ruwa kuma ya yi saurin fumfuna, idan ya yi yawa sai ya daskare ya yi tsakuwa-tsakuwa a cikin kwalba. Ƙaramin sikeli mai batir da ke auna har kilo biyar ya isa, musamman irin wanda ake ɗora masa kwano a danna maɓalli ya koma sifili. A riƙa cire batirin idan kakar ta wuce, don nawa na farko batir ne ya zuba a ciki ya kashe shi.

Na ambaci lemon tsami, kuma yana da dalili. A jikin 'ya'yan itace akwai wani sinadari da ake kira fektin, shi ne yake haɗuwa da sukari da tsami ya sa jam ya kama. Gwaiba tana da shi sosai, haka ma ɓawon lemo da 'ya'yansa, haka kuma zoɓo, wanda shi kaɗai yake kamawa ba tare da an taimaka masa ba. Nunannen mangwaro da gwanda da abarba ba su da shi da yawa. Saboda haka nakan ajiye ɗan ƙyalle fari marar kauri, in ƙulle 'ya'yan lemon tsamin da farin ɓawonsa a ciki, in jefa a tukunya su dahu tare, daga baya in matse in cire. Wannan ƙyallen yana cikin kayan aikina kamar yadda tukunya take, kuma ba a taɓa shi don wani aiki.

Wajen juyawa, doguwar muciya ko cokalin katako mai faɗin baki shi ya fi, domin katako ba ya ɗaukar zafi, kuma faffaɗan baki yana share gindin tukunya. Tsawon yana da muhimmanci, saboda tafasasshen jam yana tsalle, kuma idan ya sauka a fata mannewa yake yi, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni. A naɗe mayafi da kyau, a fitar da yara daga madafi. Amma a sayi sabuwar muciya, kada a ɗauko ta tuwo ko cokalin miya. Katako yana shan ƙamshi, kuma na taɓa yin jam ɗin abarba da ya fito da wani ɗan warin daddawa a can ƙarshen harshe, wanda maigida ya daure ya ci bai ce komai ba har sai da na tambaye shi. Wannan dokar ta shafi katakon yanka da wuƙa ma, don wanda aka yanka albasa a kansa ba ya mantawa.

Rariya tana da amfani ga wasu 'ya'yan itacen kawai. Gwaiba dole a dafa ta ta yi laushi, a murza ta a rariya don raba tsokar da 'ya'yan, waɗanda taurinsu yana iya fasa haƙori. Mangwaro mai zare ma haka yake buƙata. A nemi ta silba ko ta roba mai ƙarfi, domin rariyar waya ta tankaɗen gari tana tsatsa da zarar tsami ya taɓa ta. Bilenda kuwa ba na kusantar da ita sai ga abarba, ita ma bugu biyu ko uku kawai, saboda markaɗe yana cusa iska, jam ya yi kumfa da yawa ya rasa 'yan gutsattsarin da ke sa shi daɗi a baki.

Ma'aunin zafi shi ne abin da aka fi tambayata a kansa. Yana da amfani, amma ba dole ba ne, kuma yana iya ruɗar da mutum. Littattafai suna cewa jam yana kamawa a digiri 104 zuwa 105 na ma'aunin Salshiyos, sai dai wannan lissafin na garuruwan da ke daidai da gaɓar teku ne, inda ruwa yake tafasa a digiri 100. Duk hawan mita 300 yana rage wa tafasar ruwa kusan digiri ɗaya. Kano ba ta kai mita 500 ba, don haka bambancin bai kai digiri biyu ba. Amma Jos, inda ake noman sitiroberi, tana kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, kuma mai jiran ma'auni ya nuna 105 a can zai sauke alewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafasa ruwa zalla, a duba abin da ma'aunin ya nuna, a ƙara digiri huɗu ko biyar a kai. Ni dai har yanzu ƙaramin faranti na fi amincewa da shi. Nakan sa shi a firji tun kafin in kunna wuta, idan kuma babu wutar lantarki in ɗora shi a kan ruwan randa. Idan na ga tafasar ta yi nauyi, sai in sauke tukunyar, in ɗiga ɗan jam a kan farantin, in jira minti ɗaya, in tura shi da yatsa. In samansa ya yamutse kuma layin da yatsa ya bi bai rufe ba, ya yi.

Game da wuta, gas ya fi sauƙi don ana iya rage shi nan take. Gawayi ma yana yi, kuma zafinsa ya isa, amma sai an tanadi wurin sauke tukunya a kusa da tsumma mai kauri, tunda ba a rage garwashi da maɓalli. Risho shi ne na ƙarshe a wurina, saboda wutarsa ba ta kai ƙarfin da ake so ga faffaɗar tukunya, kuma warin kananzir yana bin abu mai zaƙi.

Saura kwalabe. A ƙasashen Turawa akwai kwalaben da aka ƙera musamman don adana abinci, irin wadda Ba'amurke John Mason ya yi wa rajista a 1858, kuma har yau da sunansa ake kiranta. A nan galibinmu kwalaben mayonis da na zuma da aka gama da su muke tarawa, kuma suna aiki matuƙar bakinsu bai tsage ba. Murfi ne yake ba da matsala. Wanda ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko robar cikinsa ta sha wari, a jefar da shi. Robar ɗura kunu ko man gyaɗa ba ta dace ba ko kaɗan, zafin jam zai lanƙwasa ta. Kafin ɗuri nakan shimfiɗa tsumma a gindin wata babbar tukunya, in jera kwalaben da murafensu, in rufe su da ruwa su tafasa minti goma, in kife su a kan tsumma mai tsabta. Ana ɗura jam da zafinsa a kwalba mai ɗumi, domin sanyayyar kwalba tana iya fashewa. Mazurari mai faɗin baki da ƙaramin ludayin silba suna hana ɓata bakin kwalbar, wanda idan ya ɓaci dole a goge shi kafin a rufe. Ana barin kamar rabin santimita a sama, a ɗaure murfi, sannan wanda za a ajiye na watanni a mayar da shi cikin tafasasshen ruwa na wasu minti goma.

Da farko manyan kwalabe nake nema don in rage wahala, amma yanayinmu ya sa na sauya. Kwalbar da ba a buɗe ba tana iya zama a kabad mai sanyi da duhu, wadda aka buɗe kuwa firji take so, kuma a lokacin bazara, da zafi da ƙarancin wutar lantarki, babbar kwalba takan yi fumfuna tun ba a ci rabinta ba. Yanzu masu cin giram 200 zuwa 300 nake tarawa, waɗanda gida ɗaya zai shanye cikin mako guda, kuma su ne suka fi dacewa da kyauta. Kilo ɗaya na mangwaro yana cika mini kamar biyar ko shida. A jikin kowace nakan manna 'yar takarda in rubuta irin 'ya'yan itacen da ranar da na dafa, domin bayan wata uku a kabad jam ɗin mangwaro da na gwanda ba sa bambanta a ido.