Alwatika ɗaya ta cinye min aiki

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa katin shiga na fito, bayan shekara biyu da 'yan watanni ina aikin katalog a sashen tsofaffin rubuce-rubucen hannu na wani laburare a Ingila, ba zan kama suna ba. Ba a sabunta min kwantiragi ba. A takarda an rubuta wai kuɗin aikin ne ya ƙare, amma ni da su duk mun san maganar wannan alwatikar ce, shi ya sa nake so in rubuta ta tun abin yana da zafi a raina.

Akwatunan da aka ba ni na littattafan alkimiya ne, wato masu neman juya dalma ta koma zinariya. Ilimin ma daga Larabci ya shiga wa Turawa, a 1144 wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, ya fassara littafin farko zuwa Latin. Aikina ba wai in gane ko sun samu zinariyar ba ne, aikina in bi sawun littafin, daga hannun wa ya fito ya shiga hannun wa har ya iso kan teburina. Ni kullum kamar isnadi nake ɗaukarsa, mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya to silsila ta yanke.

Wata ranar Talata na buɗe wani ƙaramin kundi, kwafin waƙar nan ta George Ripley, malamin coci na Bridlington da ya rubuta ta a 1471. A gefen shafi na ga wata 'yar alwatika da tawada, na juya na sake ganin wata, wallahi sai da gabana ya faɗi. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san John Dee, shahararren masanin lissafi da taurari na Ingila, yakan sa harafin Girkanci mai siffar alwatika a madadin sunansa, kuma ya san labarin laburarensa na gidansa da ke Mortlake, wanda aka yi wa katalog a watan Satumba 1583 kafin ya tafi Poland, ya dawo a 1589 ya tarar an yi masa wasoso. Akwai ma wani Nicholas Saunder da ya riƙa goge sunan Dee yana ɗora nasa a kai, sama da ɗari na irin waɗannan littattafan yanzu suna Kwalejin Likitoci ta Landan. To kun ga, littattafan Dee sun watsu, har gobe ana tsintarsu nan da can, kuma kowane ƙaramin ma'aikaci irina mafarkinsa kenan ya tsinci guda.

Da gudu na kai wa oga. Abin da na faɗa mata, kuma har yau ina da imel ɗin, shi ne ina zaton hannun Dee ne amma a ba ni sati biyu in haska takardar in kuma gwada rubutun da hotunan hannunsa. Ta ɗauki kundin ta juya shi kamar minti uku ta ce ai wannan ba sai an ɓata lokaci ba, akwai taron masu ba da tallafi ranar Alhamis, in gyara bayanin in cire kalmar zato. Na cire. Nan ne laifina yake kuma ba na ɓoye shi, da hannuna na goge, ita ta sa hannu a ƙasa. Aka buga a 'yar mujallar da ake aika wa masu tallafi, da hotonta riƙe da kundin, sunana ko sau ɗaya bai fito ba, lokacin ban ma damu ba don murna.

Bayan kamar wata biyu wani dattijo da ke zuwa ɗakin karatu duk sati ya nemi a fito masa da shi. Bai yi awa ɗaya ba ya yafito ni, a hankali ya ce ɗana zo ka ga wani abu. Ya nuna min cewa duk inda alwatikar ta fito, baitin da ke gefenta maganar hura wuta yake yi. A wajen masu alkimiya alwatika mai kallon sama alamar wuta ce, mai kallon ƙasa kuma ruwa, abin da na sani tun satin farko. Ya buɗe can gaba ya nuna min mai kallon ƙasan har guda biyu, kuma na gan su a ranar farko, idona ya gani zuciyata ta ƙi karɓa saboda ta riga ta ƙwallafa rai a kan Dee. Sannan ya sa aka kawo bugun waƙar da Elias Ashmole, wani mai tara tsofaffin littattafai, ya fitar a 1652 ya jera su, sai ga shi mai kwafin daga bugun ya kwafa, har da kurakuran maɗaba'a bai bari ba. Dee kuwa ya rasu tun ƙarshen 1608 ko farkon 1609. Kallon kitse na yi wa rogo, a gaban mutumin da bai ɗaga min murya ba ko kaɗan, ranar ban iya cin abinci ba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yanzu yake ci min rai. A mitin, gaban mutum takwas, oga ta ce ta dogara ne da rahoton ƙaramin ma'aikaci wanda bai bi ƙa'ida ba, kuma daga yau sai an riƙa duba aikina sau biyu. Imel ɗin yana cikin wayata a aljihu. Ban fito da shi ba, na tuna biza, na tuna kuɗin haya, na yi shiru. Da daddare na kira Baba na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe sannan ya tambaye ni, da ka goge kalmar, riƙe maka hannu aka yi? Na ce a'a Baba. Ya ce to ɗauki naka, nata kuma yana nan yana jiranta. Na ɗauki nawa, amma ƙarya nake in na ce na huce.

Daga baya na ɗan samu sanyi da na ga manya ma sun faɗa irin wannan ramin. Takardun alkimiya na Isaac Newton da aka yi gwanjonsu a gidan gwanjo na Sotheby's a 1936, waɗanda masanin tattalin arziki Keynes ya sayi da yawa ya bar wa King's College a Cambridge, akwai wani rubutu a ciki da aka daɗe ana cewa Newton ne ya ƙirƙira don da hannunsa yake, ashe na wani mai alkimiya ne, George Starkey, ya kwafa. Babban suna yana rufe ido. Ashmole kansa sai a 1672 wasu takardun Dee suka zo hannunsa, daga wata ɓoyayyiyar aljihun akwati, bayan 'yar aikin gidan ta riga ta yi amfani da kusan rabinsu wajen gashin abinci. Haka waɗannan kayan suke yawo, ta hannun 'yan aiki da 'yan gwanjo da magada, ba daga babba zuwa babba ba.

Sauran darussan gajeru ne. Ka haska takarda ka ga tambarin da ke cikinta kafin ka buɗe baki. Kada ka yarda da abin da ɗan gwanjo ya rubuta a bango da fensir. In aka ce ka canja wani abu, ka ce a turo maka a rubuce. In na gaba da kai yana sauri, kai ka rage gudu, don ranar da abu ya fashe ba shi za a nuna ba.

Watannin da suka rage min na koma kan kundin nan ba tare da kowa ya sa ni ba, wani lokacin har bayan an tashi. Na bi wata lamba da ke cikin bango har na samo ta a tsohon katalog na gwanjo, na karanto wani suna da aka soke da tawada a shafin farko, na haɗa mutum huɗu a jere, babu sananne ko ɗaya a cikinsu, na farkon ma alamu sun nuna mai haɗa magunguna ne a wani ƙaramin gari. Tsakanin na biyu da na uku akwai giɓin kusan shekara sittin, na rubuta giɓi ne, ban cike shi da komai ba. Bayanin da ke katalog ɗinsu yanzu nawa ne daga farko har ƙarshe, dattijon nan ya karanta shi ranar Laraba kafin in tafi, ya ce bai ga abin gyarawa ba.